Alkawarin da Na Karya a Shekarar Ruwa

Ku ukun nan kun tashi kuna jin ana ce mini "wadda ta kira mota", kuma har yau babu wanda ya zaunar da ni a cikinku ya tambaye ni dalili. Ban sani ba ko kunya ce ta hana ku, ko tsoron abin da zan faɗa. Yanzu gwiwoyi sun zaunar da ni, babanku da Inna da suka san maganar daga tushe duk sun riga mu gidan gaskiya, saboda haka zan rubuta muku ita yadda ta faru, da inda na yi daidai da inda ban yi ba.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa a nan Aziziyya. Da shara da goge-goge na fara, amma shekaru sun sa na iya wanke ciwo da ɗaure rauni da auna jini, har majinyata suna ɗauka makarantar abin na yi. Likitarmu, Dakta Salwa, ita ta sa sunana a cikin wata ƙungiyar 'yan agajin gaggawa ta masu sa-kai, don ta ce tana bukatar mai jin Hausa da Larabci wadda jini ba ya tayar mata da hankali. Duk ranar Alhamis ake koyar da mu yadda ake ɗaukar mai karaya da yadda ake tantance wanda za a fara dubawa in mutane sun yi yawa. Wani lokaci su nuna mana majigin guguwar teku a ƙasashe masu nisa, rufin gidaje yana tashi sama kamar takarda, mutane a kan bishiya suna ɗaga hannu. Mukan kalla muna murmushi a ɓoye. Mu da aka haifa a Jidda, sai shekara ta zagayo ba mu ga ruwan da zai jiƙa mayafi ba.

Ruwan ya zo ne a kwanakin aikin hajji, lokacin da gari ya yi fayau, motocin asibiti da yawancin ma'aikata sun tafi Makka. Da safe ya fara. Na tuna Yusuf da Maryam kuna miƙa hannu ta taga kuna tara shi kuna ihu, Aisha kuwa tana goye a bayan Inna. Mu a namu layin iyakarsa idon sawu. Sai bayan azahar labari ya fara iso mana cewa can gabas da babban titi ruwa ya gangaro daga duwatsu, ya bi ta cikin unguwanni ya kwashi motoci da mutane. Kafin la'asar Dakta Salwa ta bugo ta ce in shirya, da asuba mota za ta zo ta ɗauke ni, kuma in ɗauki kayan kwana da yawa.

Babanku bai so ba. Yana tuƙi ne a gidan wani attajiri a Abhur, kuma mutumin ne kafilinmu, wanda ya tsaya mana, da sunansa aka yi mana iƙama, wato takardar izinin zama. Ya zauna a bakin gado yana juya makullin mota a hannunsa.

"Rabi, iƙamarmu ta kusa ƙarewa," ya ce. "Kafilina ba ya son jin sunan ɗan aikinsa ko na iyalinsa a bakin hukuma, ko da alheri ne. Wurin nan kuwa hukuma ce ko'ina."

"Wanke ciwo zan je yi, Malam."

"Na san ki. Da wanke ciwo kike farawa."

Inna tana jin mu daga tsakar ɗaki. Can ta miƙe ta leƙa bayan ƙofa, ta fito da dogayen takalman robar da babanku yake wankin mota da su, ta ajiye a gabana.

"Naki ba za su yi ba," ta ce. "Ki cusa tsumma a gaba, za su zauna miki."

Babanku ya dubi takalman, ya dubi surukarsa, dariya ta ƙwace masa ba da son ransa ba.

"Halas, shi ke nan, ki je. Abu ɗaya nake roƙon ki: kada ki sa hannu a takardar kowa."

Na ce to.

Abin da na gani washegari ba zan tsaya zayyana muku shi ba, kun ga hotuna. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne wari, da kuma shiru. Motoci sun hau kan juna a bakin gada, laka ta kai ƙugu a wasu lunguna, mutane suna tafe a hankali kamar masu neman abin da suka yar. An ba mu wata makarantar yara da ruwa bai shiga benenta ba, muka jera tebura a baranda. Yawancin aikin ƙafafu ne: kwalba da ƙusa da kwano sun yayyanka mutane a cikin ruwa ba su ma sani ba sai daga baya. Sai tsofaffi masu ciwon suga da ruwa ya tafi da magungunansu. Mu wanke, mu ɗaure, mu yi allurar tsatsa, mu miƙa ruwan sha da burodi, na gaba ya matso. Direban motarmu ta ɗaukar majinyata, wani dattijo da muke kira Abu Nasir, shi ke kai masu tsanani babban asibiti, yana dawowa da laka har a gemu. A bakin ƙofa akwai tebur da littafi, duk wanda ya shigo a rubuta sunansa da lambar takardarsa, don a san wanda ya samu taimako da wanda ake nema.

Sai a kwana na biyu na lura da abin da ya kamata in lura da shi tun farko. Na san unguwar nan. Bayan garejin makanikai akwai tsofaffin gidaje cike da mutanenmu, waɗanda suka zo umara ko hajji suka zauna neman abinci ba takarda. A kwarin suke, inda ruwa ya fi ɓarna. Amma tun da muka buɗe, ban yi Hausa da kowa ba. Littafin bakin ƙofar nan ya fi musu ruwan ban tsoro.

A rana ta uku da hantsi na hango Talatu a tsallaken titi. Na san ta a kasuwar Bab Makka, a wurinta nake sayen daddawa da kuka. Ba ta matso ba, sai ta yafuto ni da gefen mayafi. Na tsallaka.

"Yaya Rabi, cire rigar nan tukuna," ta ce, tana nufin rigar ƙungiya mai ƙyalli da ke kaina.

Na cire na cusa a jaka, na bi ta. Muka ratsa lunguna muka hau wani gida mai hawa biyu da ƙasansa ya cika da laka. A saman rufin na tarar da mata sun fi goma, sun ɗaura zannuwa a igiyar shanya sun yi inuwa, sun kafa murhu da bulo uku. A kusurwa wata mata tana kwance a kan kwali. Sunanta Hadiza, mutuniyar wajen Gusau, ba za ta wuce arba'in ba. Shekara shida ke nan da ta zo umara ta zauna, tana tuƙa wa masu sayar da abinci tuwo, 'ya'yanta huɗu suna gida wurin mahaifiyarta. Ranar ruwan ta koma ciki ta jawo wata tsohuwa, kwanon rufi da ke yawo a ruwa ya tsarge mata ƙwauri. Sun zuba toka sun ɗaure da ɗankwali. Na durƙusa zan kwance, sai ta riƙe mini wuyan hannu, hannunta da zafi.

"Kafin ki taɓa ni, ki yi mini alkawari. Ba asibiti, ba mota, ba wanda zai ji."

"Na yi."

"Ki ce wallahi."

Ban ma ga ciwon ba tukuna. So nake kawai ta sake ni in duba, kuma idanun matan nan duka suna kaina. Na ce wallahi. Wannan shi ne kuskurena, kuma ina so ku riƙe wurin nan da kyau, domin mutane sun ɗora laifina a wani wuri daban.

Ciwon ya yi zurfi kuma ya fara ruwa. Na wanke iya wankewa, tana cije da gefen zaninta ba ta yi ƙara ba. Da na koma makaranta na samu Dakta Salwa tana cin burodi a tsaye, na fara kewaye-kewaye, ina cewa in da a ce mutum ya samu yanka kaza a wuri kaza.

"Rabi, babu wani in da a ce. Tana ina?"

"Na yi rantsuwa, Dakta."

Ta ajiye burodin. Sannan ta buɗe akwati ta ba ni ƙwayoyi mafi ƙarfi da muke da su, ta zare alƙalamin da ke aljihunta ta haɗa mini.

"Ki zagaye inda jan ya tsaya da wannan. In gobe ya tsaya cikin layin, ci gaba da abin da kike yi, ban ga komai ba. In ya tsallake, ba ni ba ke, sai ɗakin tiyata. Kin ji ni? In ya tsallake, kwana ɗaya ko biyu ne ya rage mata."

Na koma na zana layin a fatar Hadiza. Ta yi dariya ta ce ko lalle ne zan yi mata. Muka ɗan yi hira ran nan. Ta ce babbar 'yarta, Saratu, tana gab da gama sakandare, kuma so take ta karanta aikin jinya irin nawa. Ban gaya mata cewa ni da tsintsiya na fara ba.

Washegari da na hau, tun daga matakala wari ya gaya mini. Jan ya tsallake layin ya wuce gwiwa, ƙafar ta kumbura tana sheƙi, wani wurin ya fara baƙi. Jikinta kamar garwashi. Da ta gan ni ta ce, "Saratu, kin ɗora ruwan?" Na jiƙa tsumma na goge mata fuska, hankalinta ya ɗan dawo. Na gaya mata gaskiya, ban rage komai ba.

"Kin rantse," ta ce.

"Na rantse ban ga ciwon ba, Hadiza."

"Ni dai kin rantse. In na mutu a nan, kusa da Ɗakin Allah na mutu, 'yan'uwa za su san yadda za su yi da yarana. In suka mai da ni gida da ƙafa ɗaya fa? In zauna su ciyar da ni? Da me? Yaya Rabi, ke takardarki na jakarki. Ba ki san abin da kike shirin yi mini ba."

Gaskiyarta, ban sani ba. A garin nan aka haife ni, ban taɓa gudu don na ga motar masu duba takardu ba. Na sauko na zauna a matakala ta tsakiya, inda babu mai ganina daga sama ko daga ƙasa, na buga gida. Inna ce ta ɗauka. Na ba ta labari a gajarce, na ce na yi wallahi.

"Rantsuwar nan, in kin ciyar da mutum goma an wuce wurin," in ji Inna. "Ita kuma in ta tafi, me za ki ciyar ta dawo?"

Ina jin kukan Aisha a bayanta. Sai ta ƙara da cewa, "Amma ki sani ba za su gode miki ba."

Kada ku ce Inna ce ta sa ni. Kafin in buga na riga na san abin da zan yi, murya kawai nake nema. Na hau sama na tsaya a tsakiyar matan na ce nan da rabin awa zan dawo da mota da mutum biyu, duk wadda ba ta son a gan ta, ta tattara ta sauka. Sannan Talatu ta taso har sai da numfashinta ya taɓa fuskata.

"Ni na kawo ki. Ni na ce musu ke tamu ce. Ina za mu je? Kin ga wani busasshen wuri a unguwar nan?"

Matan suka hau kwance zannuwa daga igiya, wata ta juye tukunyar da ke kan wuta don ta samu ɗauka. Na gan su suna sauka ɗaya bayan ɗaya cikin laka da ƙunshi a ka. Tsohuwar da Hadiza ta ceto ce kaɗai ta ƙi tashi, ta ce ita a kama ta in za a kama.

Abu Nasir ya kawo motar iya inda za ta iya shiga, muka hau da gadon ɗaukar majinyaci ni da shi da wani ma'aikacin jinya. Hadiza ba ta yi kokawa ba, ba ta da ƙarfin yi. Da muka ɗaga ta, ta kalle ni ido cikin ido ta ce, a hankali, ba da ihu ba:

"Allah ya isa tsakanina da ke."

Abu Nasir ya tambaye ni me ta ce. Na ce addu'a take yi. Ya ce amin, yalla, mu tafi.

A asibiti ma'aikacin karɓar majinyata ya nemi takardarta, na ce ba ta da ita. Ya ce to sai wanda ya kawo ta ya sa hannu kafin a shiga da ita. Na tuna babanku a bakin gado da makulli a hannu, na karɓi biro na rubuta sunana da lambata. Alkawari biyu ke nan na karya a yini ɗaya. Daga baya an kira kafilinsa an yi masa tambayoyi, sabunta iƙamarmu ya ja watanni, babanku ya sha magana a gidan aikinsa. Bai taɓa buɗe baki ya ce mini "ban gaya miki ba?" Da na dawo gida bayan kwana tara, takalmansa kawai ya karɓa ya je ya wanke.

An yanke naman da ya mutu a ƙwaurin Hadiza, amma ƙafar ta tsira. Ta yi sati uku a kwance. Sau biyu ina kai mata kunu, sau biyu tana sa a dawo mini da shi ba a buɗe ba, sai na daina zuwa don kada in ƙara mata ciwo. Da ta iya taka ƙasa aka kai ta tarhil, inda ake tsare marasa takarda kafin a sa su jirgi, daga nan aka mai da ita gida. Ni kuma na dafa shinkafa da nama na kai wa leburori goma da ke kwasar laka a unguwar, na fita daga rantsuwata a wajen Allah. A wajen mutane ban fita ba.

Ran da na kira motar ba a kama kowa ba, wannan ina so ku sani. Amma bayan sati biyu masu duba takardu sun shiga unguwar, kamar yadda suka saba shiga tun kafin ruwa, suka kwashi mutane, sai aka haɗa biyun aka ɗaura a wuyana. Aka daina gaya mini suna da biki. In na shiga gidan gaisuwa hira ta koma raɗa. Maryam, ƙawarki Zulai da ta daina zuwa gidanmu kika yi ta kuka kina tambayata me kika yi mata, ba ke kika yi ba. Na ci gaba da zuwa Bab Makka wurin Talatu don ban iya miya da daddawar wani ba. Takan auna mini ta miƙo tana kallon wani wuri.

Labarin Hadiza sau ɗaya na ji, daga bakin wata da ta zo hajji. Ta ce tana nan tana sayar da abinci a bakin tasha, tana ɗingishi, Saratu ta yi aure ba ta ci gaba da karatu ba. Ban san ko da Hadiza ta zauna a nan yarinyar za ta yi karatun ba, tunda wadda za ta biya da tana kabari. Ban kuma san ko ta janye kalmar da ta faɗa mini ba. Na aika mata gaisuwa ta hannun matar, amsa ba ta zo ba. Har yau in na idar da salla ina sa sunanta, kuma ban taɓa ganin laifinta ba in ta ƙi yafe mini. Rayuwarta ce na yanke wa hukunci ba da izininta ba.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ruwa ya sake zuwa. Aka sake tara mu, wannan karon a wani masallaci. A rana ta biyu da la'asar wayata ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Muryar Talatu ce, ba sallama.

"Akwai wata tsohuwa a nan, ta zame a matakala, ba ta iya motsa ƙugunta. Ki zo. Amma ke kaɗai."

"Talatu, ba na zuwa ni kaɗai, kuma ba na yin alkawari. In na ga ta asibiti ce, asibiti za ta. Ki gaya mata haka, ki gaya wa sauran, sannan ki sake kirana."

Ba ta kashe ba. Ina jin ta rufe bakin wayar da hannu, muryoyin mata suna tashi suna sauka. An daɗe. Abu Nasir yana tsaye kusa da ni da makulli, yana kallon fuskata.

"To, ku zo," in ji Talatu.

Ƙugun ya karye, na gani tun daga yadda ƙafar ta juya. Da muka sa tsohuwar a mota tana ta kiran Talatu, sai Talatu ta tattare zaninta ta hau, ta ɗora kan matar a cinyarta. Ita ma ba ta da takarda, duk mun sani. Muka yi tafiyar nan gwiwata na gugar tata. Da muka kusa ƙofar asibiti na ƙwanƙwasa wa Abu Nasir gilashi na ce ya ɗan tsaya a kwana. Talatu ta zame cinyarta a hankali, na sa hannuna a inda kan tsohuwar yake. Ta sauka, ta riƙe ƙofar motar ba ta rufe ba.

"Ina nan bakin shagon can," ta ce. "Sai kin fito, Yaya Rabi."